Yadda Baba Ya Sayar da Injin Huda

Allah da ya ba mu Baba ya karɓi abinsa, mun kuma yi haƙuri kamar yadda aka umarce mu. Ya rasu da hantsi, lokacin gero ya fara fitar da kai, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Ni ina gidan aurena a Shagari, saƙo bai iso ni ba sai da la'asar, don haka ban tarar da shi ba. Abin da na tarar a gidanmu na Bodinga jama'a ne, zaure ya cika har bakin hanya, cikin gida kuma babu wurin aje ƙafa.

Wata tsohuwa ta unguwar marina ta zo gaisuwa da bokitinta a hannu. Ba ruwa ta zo ɗiba ba. Ta dinga bin mata tana nuna musu ƙusoshin da Baba ya ɗaure mariƙin da su, tana cewa tun kafin a haifi jikanta aka yi gyaran, har yau bai motsa ba. Ta bayan katanga kuma na ji wani manomi na Sifawa ya gama addu'a, sai kuka ya ƙwace masa.

"To yanzu wa ka huda muna garma?" in ji shi.

Da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai kunya ta kama shi, ya sake ɗaga hannu ya ja wata doguwar addu'a. Maza suka yi dariya da hawaye a fuska. Na san da Baba yana nan shi zai fi kowa dariya. Kusan duk wanda ya zo, in ya gama cewa Allah ya ji ƙansa, sai ya sassauta murya ya tambayi ina aka kwana a kan maganar injin. Gari duka ya san Baba ya sa injin hudarsa a kasuwa, amma kaɗan ne suka san inda cinikin ya ƙare.

Ni ce 'yar farinsa. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, ba ya ma tsayar da ido a kansa in da mutane. Baba kuwa ya riƙe wannan kunya fiye da kowa a danginmu. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Duk da haka ina ganin babu wanda ya san shi kamar ni, shi ya sa da na koyi boko a ajin matan aure na ce zan rubuta abin da na sani. Ƙananan jikokinsa ba su san komai ba sai wani tsoho mai lalube a bakin zaure, kuma ba na so a tsaya a nan.

Ƙira gadonsa ce. Yana saurayi aka ɗauke shi aiki a Sakkwato, a wurin da Turawa ke gyaran motoci da ƙarafan gada. A can ya ga injin huda. Ƙarfe ne baƙi mai nauyi, a ɗaure a kan benci na katakon maɗaci. Yana da hannu a gefe da ake juyawa, da ƙaramin wili a sama da ake murɗawa a hankali don bakin ya sauka ya ci ƙarfen da aka sa masa. Tun a lokacin tsoho ne, rubutun da ke jikinsa duk ya shafe. Da aka kawo musu sabo sai aka yi gwanjon wannan, Baba ya saya, ya bar aikin, ya ɗoro shi a raƙumi ya kawo gida. Ya kafa shi a shagon da ke jikin zaurenmu, kusa da maƙerarsa.

Zuwan injin ya haɗa shi faɗa da Sarkin Maƙera. Shi Sarkin Maƙera cewa ya yi iyaye da kakanni da wuta suke huda ƙarfe, a gasa shi ya yi ja a doka masa tsinke, wanda kuma ya huda shi da sanyi ya bar hanya ya bi ta Nasara. Daga nan Baba ya daina zuwa fadarsa da safe, gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Ana haka yaƙin Turawa ya zo, sabon kaya ya daina shigowa kanti, kowa ya koma gyaran tsohon abinsa. Wata rana wani baƙo ya kawo wasu ƙarafan ƙyaure ya ce nasa ne, a huda masa su daidai da juna. Baba ya juya su a hannu, ya gane sawun gudumar Sarkin Maƙera a jikinsu. Ya huda su tsaf, ya ƙi ba baƙon, ya ɗauka da kansa har ƙofar Sarkin Maƙera, ya durƙusa ya aje.

"Ranka shi daɗe, in ka ga mai ƙarhen ga, ka hwaɗa mai ƙira tai ta yi kyau."

Sarkin Maƙera ya ce zai faɗa masa. Faɗan ya mutu ke nan, ba wanda ya sake ɗaga maganar har suka tsufa.

Faɗan da bai taɓa mutuwa ba shi ne nasa da Inna a kan man gyaɗa. Injin yana son mai, Baba kuma ya yanke hukunci cewa babu man da ya kai na kwalbar Inna. Ta ɓoye a bayan randa, ta ɓoye a cikin rumbu, ta taɓa rataye shi a cikin faifai a saman ɗaki. Duk inda ta kai shi sai ta tarar ya ragu. In ta yi magana ya ce wataƙila kwalbar ce ke yoyo, ta kawo ya duba mata.

Aikin injin na mutum biyu ne in ƙarfen mai kauri ne. Ɗaya ya juya hannun, ɗaya ya riƙe aikin yana saukar da bakin. Ƙanena ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya, tun yana ƙarami hankalinsa na kasuwa, can kuwa ya ƙare, a fataucin albasa. Wata rana na kai wa Baba fura a shago na tarar yana fama shi kaɗai, na aje ƙwarya na kama hannun na fara juyawa. Bai ce in bari ba, bai ce na kyauta ba. Kashegari na dawo. Haka muka yi shekaru har aka yi mini aure.

Tunda ba zai yi mini magana ba, sai ya riƙa yi wa injin. Tsohuwa yake ce masa. In na cika sauri sai ya dubi ƙarfen ya ce, "Tsohuwa, rage gudu, ba kowa ka korar ki." In na gaji, ya ce Tsohuwa ta gaji, a bar ta ta sha iska. Ranar da na zo da zazzaɓi ina ɓoyewa, ya aje aikin ya shaida wa Tsohuwa cewa yau ba aiki, ta je ta kwanta a jiƙa mata sabara. Na koyi komai a haka: yadda ake ɗiga mai, yadda ake sassautawa in baki ya kusa fita ta ƙasa, yadda kunne ke gane ƙarfe na ci ko yana wahala. Bakunan injin ba a samun su a Bodinga, sai an yi sa'a a Sakkwato, don haka karya ɗaya babbar asara ce. Daga baya, in zai tafi gona, sai ya bar ƙananan ayyuka a kan bencin, ya ɗiga musu alama da gawayi. In ya dawo ya tarar an huda, ya ɗaga su ya leƙa ta ramin, ya ce Tsohuwa ta fara aiki ita kaɗai, abin mamaki ba ya ƙarewa.

Matan da mazansu suka rasu ba ya karɓar komai a hannunsu. Su kawo buta ko tasa ko bokiti, ya huda ya ɗaure da ƙusa, in sun kwance bakin zane sai ya kawar da kai. Yana cewa ramin dama yana cikin ƙarfen, shi buɗe shi kawai ya yi, ba a biyan mutum don ya buɗe abin da ke nan. Amma yana da taurin kai, kada in ɓoye. In ya ce aiki sai gobe, ko hakimi ne ya aiko sai goben. Ya taɓa barin Baturen gona a tsaye a rana da ƙarfen garmar shanu don yana gyaran ludayin wata yarinya da ta riga shi zuwa.

A shagon nan maigidana ya gan ni. Mai gyaran keke ne a kasuwar Shagari, yana kawo ƙarafa a huda masa. Da tafiya ta yi tafiya sai ya fara kawo waɗanda ba sa bukatar huda ko kaɗan, har Baba ya tambayi Tsohuwa ko mutanen Shagari rariya suke son ƙerawa. Da aka ɗaura aure kuwa zuwan ya tsaya cak, saboda surukuta. In suka yi kiciɓis a hanya, maigidana ya diro daga keke, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna yana duban ciyawa, Baba kuma ya amsa yana duban sama. Mutum biyu da suka fi kowa son hirar ƙarfe a ƙasar nan, ba su sake yin ta ba. Maigidana ya koma huda ƙarfensa da ƙusa da guduma, ni kuma na koma tuwo da raino. Hannuna ya daɗe yana mafarkin juyi.

Idon Baba ya fara da hazo-hazo, ya riƙa aiki da kunne da yatsa, ba wanda ya gane. Sai ranar da ya karya bakin injin, karo na farko a rayuwarsa. Inna ta ce ya daɗe zaune da guntun a tafin hannunsa, sannan ya tashi ya lulluɓe injin da buhu. Bayan sallar Juma'a ya gaya wa ƙanensa, wato Baffa, cewa a shaida wa mutane zai sayar.

Dangi suka ce abin kunya ne maƙeri ya sayar da kayan aikinsa yana da rai. Baba yana da dalilinsa. Ya ga yadda aka raba gadon wani tela a unguwarmu, magada suka kasa daidaitawa a kan keken ɗinki, ɗaya ya ɗauki kan, ɗaya ya ɗauki ƙafafun, har yau ba a sake ɗinka ko hula da shi ba. Ya ce ba za a yi wa Tsohuwa haka ba. Kyauta kuma ba za ta yiwu ba, don in ya ba ɗaya cikin 'ya'yansa ya bar sauran da magana.

Masu saye suka fara zuwa. Wanda ya fi matsawa wani mai lori ne daga Sakkwato, mutum mai fara'a da babbar riga, tayinsa kuma ya sa ƙanena ya kasa zama. Baba ya tambaye shi wa zai riƙa juyawa, ya ce yaran mota. Ya tambaye shi ina za a aje, ya ce a tasha, ƙarƙashin rumfa. Sai Baba ya miƙa masa guntun ƙarfe ya ce ya gwada. Mutumin ya danna da ƙarfinsa, injin ya yi wata ƙara, Baba ya ɗora hannu ya tsayar da shi ya ce albarka. Mai lori ya ƙara, ya ce albarka. Ya tafi ya ce zai dawo, kuma kowa ya san zai dawo, ƙanena kuma ya yi ta yi wa Baba naci cewa irin wannan tayin ba ya zuwa sau biyu.

Da labari ya iso ni Shagari na kasa cin abinci. Ina son injin nan, in faɗa a fili. Ba don abin da zai kawo ba. A gabansa kaɗai ni da ubana muka taɓa yin hira, in ya tafi tashar Sakkwato shi ke nan ba ni da komai nasa. Amma 'yar fari ba ta aika wa ubanta roƙo. Na ce wa maigidana ya taya. Ya zaro ido ya ce in nemi tsari, shi ya yi ciniki da surukinsa, da wane baki? Na bar shi. Miya ta riƙa zuwa ba gishiri, fura ba nono, har ya gane cewa maganar ba ta wuce ba. Ya aika aka roƙi Baffa ya zo.

Baffa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya kwashe da dariya har rawaninsa ya kwance.

"Kun wahal da tsoho," in ji shi. "Kowace ranar kasuwa sai ya tambaye ni, wai ƙarhen Shagari da rami nai aka haihuwa tai? Mi kuka jira?"

Daga nan aka shiga cinikin da Baffa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba tun da ya fara shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Maigidana, don kunya, ya taya da tsada fiye da mai lori. Baffa ya hau jaki ya kai Bodinga. Baba ya ce albarka, wannan ba tayi ba ne, zagi ne, tsohon ƙarfe bai kai haka ba, ya faɗi abin da ko buhun gero ba zai saya ba. Baffa ya dawo Shagari. Maigidana ya ce shi ba zai cuci surukinsa ba, ya rage kaɗan daga nasa. Baba ya ƙara kaɗan a kan nasa. Mai saye yana ja sama, mai sayarwa yana ja ƙasa, jakin Baffa ya rame a tsakani. A ƙarshe Baffa ya gaji, ya yanka kuɗin da kansa a gaban liman da shaidu, ya rantse in wani ya sake cewa albarka zai kira mai lori da bakinsa. Aka sallama.

Baba ya sa sharaɗi ɗaya. Ba za a kai injin rumfar kasuwa ba, a cikin gida za a kafa shi, wai saboda ƙura da hannun mutane. Maigidana ya ga abin da wahala, tunda aikinsa a kasuwa yake, amma ba a musu da suruki. Sannan Baba ya ce a bar masa shi har ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, akwai ɗan gyaran da zai yi.

A cikin daminar na je gaishe shi. Yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya rame, idon ya rufe gaba ɗaya. Na tsuguna daga nesa na yi gaisuwa. Na zaci ko sau ɗaya zai ambaci injin, ko ya yi wa wani abu magana in tsinci tawa a ciki kamar da. Ya amsa a gajarce, ya juya wajen Inna ya ce a ba baƙuwa ruwa, in za ta koma ta gaida mutanen gida. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na koma Shagari da fushi, kuma da fushin na zo zaman makoki. Ina jin mata suna yabonsa, ni kuwa ina cewa a raina, ya zaɓa wa injinsa hannu mai kyau, ya sayar wa mai gyaran keke, ni ko a lissafi ban shigo ba. Har na fara jin ba na son ganin injin.

Bayan sadakar arba'in Baffa ya kawo shi a raƙumi, injin a gefe ɗaya, bencin a ɗaya gefen. Aka shigo da su tsakar gidana, ƙarƙashin rumfar da nake daka. Maigidana ya ɗaure injin a mazauninsa, ya miƙe, ya kai hannu zai juya, sai ya tsaya. Dogo ne, kamar yadda Baba yake dogo, ga shi sai da ya ranƙwafa kafin ya kama hannun.

"Baffa, bencin ga ba haka nis san shi ba. Ya gajarce."

Na matso na duba. An yanke ƙafafun huɗu da zarto, wajen taƙi guda, yankan sabo ne, katakon ja wur. Bai miƙe ba, ya karkace nan ya karkace can, ƙafa ɗaya ma ta fi sauran gajarta, an lanƙwasa fata an buga mata a ƙasa don ta zauna. Baffa ya ce gyaran da ya tsaya yi ke nan. Da lalube ya yi shi, kwana da kwanaki, yana yi yana hutawa, ya hana kowa taɓa zarton. Da Baffa ya ce masa ai mai sayen dogo ne, zai sha wahala, sai ya ce shi ya san tsawon mai aikin.

Duk gidanmu dogaye ne, ni kaɗai na ɗauko gajartar kakata. Na tsaya a gaban injin na sauke hannuna, ya faɗa a kan mariƙin daidai gwiwar hannu, ba miƙewa ba ranƙwafawa. Mutumin da na rantse bai taɓa dubana ba, da makantarsa ya auna ni bai kuskure ba. Kukan da ban yi ba a Bodinga, a nan na yi shi, ina riƙe da ƙarfen, Baffa da maigidana suka fita zaure suka bar ni.

Ya Allah ka yalwata masa kabarinsa, ka mayar masa da ganinsa a inda ya je, ka yafe mini fushin da na yi da shi. Matan Shagari sun fara kawo butocinsu da bokitansu cikin gida, ni nake huda musu. Maigidana kuma in yana da aiki ya shigo da shi, ya tsuguna ya riƙe mini ƙarfen.